Sarkin Katako Bai Kai Ƙasa Ba

Ƙanena Sixten,

Gaisuwa mai yawa gare ka da iyali, da fatan jirgin ruwa ya kai ku Stockholm lafiya. Na rubuto ne maimakon in buga waya, don ka san halin Baba: in na ce ya sha magani ba ya ji, amma waya na yin ƙara sai ga shi tsaye a bakin ƙofa.

Ina tuna maka alkawarin da kuka yi kafin wasan kubb, wasan jifan katakai da sanda, na bikin tsakiyar bazara. In Baba ya kayar da sarkin katako kafin lokacin jirginka, zai ƙara hunturu a nan gidan gona. In ya kasa, zai koma gidan kula da tsofaffi. To, ya zubar da katakan layinka kaf, ya jefi sarki da sandarsa ta ƙarshe, sarki ya karkace ya jingina a kan sandar, kansa bai taɓa ƙasa ba. Kai kuma ka ɗauki jaka ka bar ni da rigima.

Sarkin yana nan yadda ka bar shi. Baba ya ce, "Duk mai son yanke ciyawar wurin nan, sai injin ya fara bi ta kaina." Ni dai a ganina abin da ya bar tsayuwa ya faɗi. Baba ya ci.

Ka gaida yara.
Yayarka, Gunvor

*

Yaya Gunvor,

Na amsa gaisuwa, yara ma suna gaida Kaka da tumakinsa.

Haba Yaya, yaushe kika zama alƙaliya? Ki tambayi Baba ko ya tuna lokacin da muke yara, ranar da na jefi sarki ya jingina da wani katako. Ina murna ina tsalle, ya ce, "Share majina, ɗan samari, sai kansa ya sha ciyawa." Na yi kuka har kika ba ni fankenki. Dokarsa ce, ba tawa ba.

Ba mugunta nake yi ba. Bara ya faɗi a garken tumaki cikin ƙanƙara, ke kika jawo shi ɗaki ke kaɗai. Tsoro nake ji, shi ke nan.

Ki huta lafiya, in Baba ya bar ki.
Sixten

*

Sixten,

Bayan gaisuwa, na isar da saƙonka muna shan kofi. Baba ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Gaya wa ɗan birnin nan, nasa a kan katako ya jingina, nawa a kan sandata. Sanda hannun mai jifa ce, ba tallafin sarki ba ce." Maƙwabcinmu Helge ya zo ya duƙa, ya leƙa ta nan ya leƙa ta can, ya ce a ƙauyensu sake jifa ake yi. Baba ya ce shi ya sa ba a taɓa jin ɗan ƙauyensu ya ci komai ba. Ka san kuma kafaɗar Baba ba za ta sake irin wannan jifan ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Shekaranjiya da safe iska ta taso daga teku, na fita kwashe shanya, na ga sarkin yana rawa. Ban san lokacin da na durƙusa na ƙara danna sandar cikin ƙasa ba, don kada ya ƙarasa faɗuwa. Ni da nake ta cewa ya faɗi! Da na ɗago, sai ga Baba a taga da kofinsa a hannu. Ya ga duk abin da na yi.

Na gaji, Sixten. Bayana ciwo yake yi in na ɗaga shi daga wanka, kuma rabona da barci mai nauyi tun rasuwar Mama. Ina son sa, ba na so ya tafi, kuma ban san yadda zan kai ƙarshen wani hunturun ba. Kunya ta ishe ni.

Taka,
Gunvor

*

Ɗana Sixten,

Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ne.

Na fita yau na duba sarkin da kyau. Kansa bai sha ciyawa ba, don haka bai faɗi ba. Ka ci. Na ɗauke shi na sa a rumfa, a yanke ciyawa.

Ka zo ranar Asabar ka kai ni. In yayarka ta tambaye ka dalili, ka ce mata doka ce kawai.

Mahaifinka,
Elof