'Yata Tana Kiwon Tsutsa a Bayan Madafata

Anti Ofosuwa, don Allah ki taimake ni, ki kuma yi haƙuri da rubutuna. Sai da na haura arba'in na shiga ajin manya a cocinmu, har yanzu ban gama sabawa da biro ba.

Dokunu, tuwon masarar nan da muke naɗewa a ganye, da soyayyen kifi nake sayarwa a ƙofar gidan da muke haya a Bantama, nan Kumasi. 'Yata Pokuwa, ita kaɗai gare ni, shekararta ashirin da biyu, tana aiki a wani kantin kayan lambu da 'ya'yan itace. Tun asuba take fita ta jera tumatir, ta goge kankana, ta wuni a tsaye tana yi wa matan manya murmushi. Ba ta bin maza, ba ta shaye-shaye. Da ɗayan waɗannan ne, da na san wurin wanda zan kai ƙara.

Tsutsa take kiwo, Anti.

Duk abin da ya ruɓe a kantin, gwanda da kabeji da abarbar da ta yi ruwa, mai kantin ya yarda ta kwashe. Ta cika bokiti ta shiga motar haya da shi cikin mutane, ta zo ta juye a robobi huɗu a bayan madafata. Wani baƙin ƙuda ya zo ya yi ƙwai, kafin ki ankara roba ta cika da tsutsotsi, farare, masu ƙiba, suna motsi gaba ɗaya kamar shinkafa na tafasa. Na daina cin shinkafa. Da hannu take juya su, wai yaranta ne. Ran Asabar ta kai wa ƙungiyarsu ta matasa a Kwadaso su ba kaji. Wai abinci ba ya zama shara, wai bola ta kusa cinye garin nan. In na yi magana ta ce warin kifina ya fi nasu, su dai ba su da bakin faɗa ne.

Wata uku tana kawo mini ƙwai ina yabon jan kwaiduwarsa, ashe na kajin nan ne. Ranar da na sani sai da na yi amai a kwata.

Talatar makon jiya aka yi ruwa, roba ɗaya ta tumbatsa, suka biyo ruwan har ƙarƙashin bencin masu saye. Wani direba da ya shekara goma yana cin dokununa ya ɗaga ƙafa, ya ce ashe na fara ƙara nama kyauta. Aka yi dariya, amma ba wanda ya ƙarasa abincinsa. Na tafasa ruwa na juye a robobin duka huɗu. Tun da farko Pokuwa ta liƙa takarda a jikinsu cewa kada a taɓa, kuma na karanta, ba zan ce ban iya ba.

Da ta dawo ba ta yi kuka ba. Ta wanke robobin ta kife su. Yau kwana tara ba ta ci abincina ba. Mu a wurinmu uwa ba ta ba 'ya haƙuri da baki, a kwano take bayarwa. Na sa mata kan kifi, na daka mata fufu, sai ta rufe ta tura gefe. Jiya na ji tana tambayar ɗakin haya a waya. Ƙyamar abin nan ba za ta bar ni ba, amma Pokuwa halin marigayi ubanta gare ta, in ta fita da fushi ba ta waiwaye. Yaya zan yi?

Mai Dokunun Bantama

'Yar'uwata,

Ina cin abinci na buɗe wasiƙarki, kuma ban ƙarasa ba, saboda haka ba zan ce ki daina ƙyama ba. Kina da gaskiya a abu ɗaya: tsutsa ba ta zama kusa da inda ake dafa abincin sayarwa. Da duba-gari ne suka gani ba direba ba, da maganar ta wuce dariya. Pokuwa a kantin abinci take aiki, ta fi kowa sanin haka.

Amma kin kashe aikin da ta yi watanni tana ɗauka a ka, kuma da saninki. Abin da take yi ba hauka ba ne, masu kaji da yawa suna yin sa. Ta gane saƙon kan kifin sarai, ba shi take jira ba.

Yau, kafin ta biya kuɗin ɗaki, ki zauna kusa da ita ki ce kin yi kuskure. Kada ki ƙara da "amma". Maganar wuri ki bar ta sai washegari: robobi su koma Kwadaso kusa da kajin, bokiti ya wuce can kai tsaye daga kanti. Ki ce kullum za ki riƙa tara mata dusar masararki da ragowar kwanuka ta kai musu. Ba sai kin leƙa robar ba.

Wataƙila duk da haka ta tashi, shekarunta sun kai. In haka ne, ki raka ta ki share mata ɗakin, ta fita da albarkarki. Allah ya daidaita tsakaninku, ya dawo miki da masu sayenki.

Anti Ofosuwa