Mesar Maigidana Ta Yi Saɓa

Unguwar Talladjé, daren Alhamis

Yau mesar ta yi saɓa, fatar ta fita ɗungurungum, ko'ina bai yage ba. Wata uku ke nan da rasuwar maigidana. Tun ranar ni ke fesa ruwa a akwatinta safe da yamma, ina lulluɓa masa jiƙaƙƙen buhu don danshi, ni da a da ko kallonta ba na iya yi. Wancan karon bushewa ta sa fatar ta manne mata a ido.

Inna ta ce, "Hadiza, ki bayar da abin nan, ba zai dawo miki da shi ba." Na sani.

Na ɗauki saɓar da sauri in kai masa ya gani. Sai da na isa bakin ƙofar ɗakinsa na tuna.