Ku Bar Uwarku Ta Ɗauki Cokalinta

Ni, Dogara Kambai, mazaunin Palladan, na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ba zafin ciwo ke magana ba. Zuciyata ta gaji, likita kuma bai ɓoye mini ba. Zuwa gare ku 'ya'yana, Shekari da Winifred da Sati. Ba mutuwa ke hana ni sukuni ba, hannun daman uwarku Rifkatu ne, da taurin kanku.

Na ɗaya. Gidan nan naku ne ku uku, amma ba a sayarwa, ba a rabawa muddin uwarku tana numfashi. Kicin ɗinta ya zauna nata. Shagon kayan ɗinki na kasuwar Sabon Gari na Sati ne, tunda shi ke buɗe shi tun ranar da ɓarin jikin uwarku ya shanye.

Na biyu. Shekari, injin nan mai jar fitila da ka sayo don ka gani a waya, ka fitar mini da shi daga gida. Haka mai girgiza ƙafa, haka man shafawar nan mai warin kananzir. A gonar gwaji ta Samaru na ƙare ƙuruciyata. Ba mu taɓa ba manomi iri don kwalinsa ya yi kyau ba. Sai mun shuka shi kusa da wani, mun auna, wata damina mun sake. To jikin matata bai kai masara daraja ba ne? Ranar da Malama Inioluwa, likitar gashin ƙashi da ke duba ta, ta ce ba ta san binciken da ya nuna fitilar tana dawo da hannu ba, sai ka hau ta da faɗa. Na ji kunya ƙwarai. Ka je ka ba ta haƙuri. Matar nan takan auna abin da hannun ke iya yi, ta tambayi uwarku abin da take so ta koma yi, in atisaye bai kai ko'ina ba ta canza wani. In ba ta san abu ba, ta ce ba ta sani ba. Mai tallar injinka ya taɓa faɗin haka?

Na uku. Winifred, ke kika fi ba ni haushi, don naki da ƙauna kike yi. Mu muka koya muku cewa ɗa na gari ba ya zaune uwarsa na riƙe da tsintsiya, na sani. Amma a gabana aka gaya miki: hannun da ya shanye da aiki yake farfaɗowa, a yi, a sake yi. Ta miƙa hannu ga cokali, kin riga ta. Ta fara ɓalla maɓalli, kin ƙwace. Da kika tafi biki Kafanchan, ita ta ɓare mana gyaɗa da kanta, tana yi tana dariya. Kika dawo, yatsun suka koma suka dunƙule. Ki bar miyar ta zube mata a riga. Riga wankewa ake yi.

Na huɗu. Gabar da ke tsakaninku ku biyu, Shekari da Winifred, kowa na cewa ɗayan ne ke ƙarasa Mama, ta ƙare daga yau. Duk sabon maganin da aka kawo, ko dattijon coci ne ya kawo, ku kai wa likita ku tambaya: an gwada shi a kan masu irin ciwonta? Me aka gani?

Na biyar, kuma saboda shi na ɗauki biro. Na san mutanenmu. In na tafi, mata za su zaunar da ita a tabarma makonni, a ba ta abinci a baki, a ce mai makoki ba ta motsi. In kuka bari, duk abin da ta samu da gumi zai zube. Kada atisayenta ya tsaya, ko da gida cike yake da masu gaisuwa. Wanda ya ce rashin kunya ne, ku ce umarnina ne. Ranar binne ni ta taka da sandarta har bakin kabari. Ku tsaya kusa don kada ta faɗi, amma kada ku ɗauke ta. Ƙasar da za ta zuba mini, da hannun dama za ta ɗiba. In ta daɗe, Fasto ya jira, ni ma ba sauri nake ba.

Ubangiji ya sa muku albarka, ya raya 'ya'yanku, ya ba ku haƙurin tsayawa kuna kallo ba ku taimaka ba. Ku riƙe juna da ƙarfi, kada gidan nan ya watse. Hannun uwarku kuwa, don Allah ku sake shi.

Ubanku,
Dogara Kambai