Na Yi Ta Ihu Cikin Rijiya Don Muryata Ta Hau

Gwaggo Kaltume, ki taimake ni kafin mutanen Garhanga su ɗaure ni da igiyar guga.

Ni ɗan amshi ne. Tun ina saurayi nake bayan Maiguwa, mawaƙin manoman garinmu, yana bayarwa muna karɓa. Yanzu tsufa ya kama shi, ya ce ranar gayyar noma mai zuwa zai bar wa ɗayanmu jagora, ko ni ko Shafi'u. To akwai wani wuri a waƙar gayya da murya ke hawa can sama, inda manoma ke zabura. Shafi'u muryarsa siririya ce, hawa yake ba wahala. Ni tawa kamar ana mirgina tanon ruwa, wato duro, ina zuwa wurin sai ta tsinke.

Ba irin dabarar da ban gwada ba. Wani ya ce ɗanyen ƙwai da zuma, na sha har kajin matata Hamdiya na gudu in sun gan ni. Wani ya ce in riƙa ihu cikin rijiya, wai tana buɗe maƙogwaro. Na yi, sai ga maza da igiyoyi sun zo ciro wanda ya faɗa. Kunyar ranar ba ta faɗuwa. Sannan ƙanena ya turo mini bidiyo a salula, wani malamin waƙa na cewa a kaɗa leɓe ana "burrr" daga ƙasa zuwa sama, a ja numfashi daga ciki. Ina farawa jakin maƙwabcina ya amsa. Hamdiya kuwa ta turara mini habbatus sauda, wai iskoki ne.

Yanzu ga murya ta dishe. Wallahi tsoro nake ji, Gwaggo. In Shafi'u ya karɓa, zan tsufa ina maimaita bakin yaron da aka yi sunansa ina wurin. Wace dabara zan riƙe?

Mai Muryar Tano, Garhanga

Ɗana Mai Muryar Tano,

Fara da barin rijiyar mutane. Ihu ba ya ƙara wa murya tsawo, gurje ta yake, shi ya disar da kai. Ƙwai kuma ciki yake tafiya, hanyarsa daban da ta murya, ka bar wa Hamdiya kajinta su yi 'ya'ya. Ka huta da waƙa kwana biyu, ka sha ruwa sosai. In dishewar ta ƙi tafiya, ka je asibiti ka ga lokotoro.

Abin dariyar shi ne, dabarar da ta fi sa ka zama abin kallo ita ce ta gaskiya. Kaɗa leɓen nan da numfashin ciki suna sassauta maƙogwaro, muryar ta riƙa hawa kaɗan-kaɗan. Ka yi a hankali, a gona, kuma ka nuna wa matarka bidiyon don turaren ya huta. Amma kada in ruɗe ka, ba za ta mai da kai Shafi'u kafin gayya ba.

Ga inda ka yi kuskure. Ka daɗe kana amshi har ka ɗauka dole waƙar ta tashi daga inda Maiguwa ke tayar da ita. Ai wannan ma'aunin maƙogwaronsa ne. Jagora shi ke zaɓen inda za a fara, 'yan amshi su bi. Ka ɗauko ta daga ƙasa, inda muryarka ke zaune daram, sai wurin hawan ya sauko inda za ka kai. Ka gwada da mai ganga tun yanzu.

Mai yiwuwa duk da haka Maiguwa ya zaɓi Shafi'u, kuma amshi ba abin kunya ba ne. Sai dai tsohon ba makaho ba ne, ranar gayya hauyoyin manoma zai duba, ya ga muryar wa ta sa su sauri. Ka shiga da taka, kada ka shiga da ta aro.

Allah ya buɗe murya, ya ba ka sa'a. Ka gaishe da Hamdiya, ka kuma riƙe jakin nan da kyau, shi ne ɗan amshinka na farko.

Gwaggo Kaltume