Ƙaurar Arawa Ta Fasa

Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinki, ya maigida da yara? Mu dai sai godiya.

Ina nan Tudun Wada, ban tashi zuwa unguwar Arawa ba. Tun da azumi na je har gida na durƙusa na shaida wa mai ginin ofishina zan tashi, ya ce Allah ya sa alheri. Jiya ɗansa ya kawo takardar haya: wanda bai rubuto cewa zai tashi wata uku kafin wa'adi ba, hayarsa ta zarce shekara guda. Na koma wurin tsohon, ya ce shi gaisuwata kawai ya tuna.

Na gaji, Yaya. A sa ni a addu'a. Ki gaishe da maigida, ki ce motar kwasar kayan da ya yi mini alkawari sai baɗi.

Ƙaninki,
Danladi