Masinjana Yana da Bindiga

Lahadi, 3 ga Maris
Auta ta kira daga jami'a. Kamar kullum: "Baba ina wuni, ya aiki, ba ni Mama." Tun da ta tafi bara, hirarmu ba ta kai tafasar ruwan shayi. Uwarta kuwa sai waya ta yi zafi. Amma yau kafin in miƙa wayar ta ce, "Baba, ka tuna fim ɗin masinjan nan?" Ina zan manta? Wanda ambaliya ta ci garinsu, ya rantse sai ya kai wa wata tsohuwa wasiƙar ƙarshe da ta rage a jakarsa. Tare muka kalla. Ta yi kuka, ni kuma wani abu ya faɗa mini a ido. Wai an yi gem ɗinsa, tana bugawa a 'yar na'urarta ta hannu. Sai na ji bakina yana cewa ni ma zan buga, mu riƙa hira. Ni, ma'aikacin ɗakin karatu, mai shekara hamsin da uku.

Talata, 5 ga Maris
Na zaro tsohon akwatin gem ɗinta daga ƙarƙashin talabijin, na kai shagon wani da ake kira Injiniya, ya ba ni faifan da zai shiga. Sunan fim ne a kwalin, ga masinja, ga jaka. Ya fara, "Yallaɓai, ka san na wannan akwatin..." na ɗaga masa hannu. Shekara ashirin da shida ina jera littattafai. Mai bango mai kauri da mai bango mai laushi, abin da ke ciki ɗaya ne. Ba sai an yi mini lacca ba.

Alhamis, 7 ga Maris
Masinjana yana da bindiga. A fim ko rezar fiƙe fensir bai riƙe ba.

Asabar, 9 ga Maris
Kwale-kwale nake tuƙawa, wasu masu baƙaƙen kaya suna harbina, ban san me na tare musu ba. Sau goma sha ɗaya na nitse. Maman Auta ta tsaya a kaina da tsintsiya.
"Malam, ba kai ka ce abin nan yana kashe ƙwaƙwalwa ba?"
Na ce bincike nake yi.
"Binciken ne ya sa harshenka a waje?"

Lahadi, 10 ga Maris
"Baba, ka wuce kadojin?"
Waɗanne kadoji? Na ce, e to, da ƙyar. Ta kwashe da dariya, wai ita ma sun cinye ta sau ba adadi. Ta tambayi kan sarki nawa na tsinta a kan rufin gidaje. Ban taɓa hawa rufi ba. Na ce ban ƙirga ba. Minti goma sha biyu muka yi, na duba. Duk a kan ƙarya, amma goma sha biyu ne.

Litinin, 11 ga Maris
Na shiga kowane lungu da kwale-kwalen nan ina neman kada. Ko ƙadangare babu. Na goge tabarau. Ko tsufa ne? Ko sai wanda ya iya suke fito wa?

Laraba, 13 ga Maris
Na koma wa Injiniya na ce jabu ya sayar mini. Bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.
"Ranar nan na so faɗa maka, ka ɗaga mini hannu kamar ɗan sandan hanya."
Wai 'yar na'urar hannu ba za ta ɗauki gari guda da ruwansa ba, sai aka ba wani kamfani ya yi mata na tsalle-tsalle, da kadoji. Nawa kuma wani kamfanin daban. Na kwamfuta ma ba gudu ba harbi, wasiƙu kawai kake jerawa. (Wannan ne nawa, da an yi adalci.) Kuma duk an fara su tun ba a gama haɗa fim ɗin ba, kowa da tsohon rubutun labarin da aka miƙa masa.
Na ce to bindigar fa?
"Ƙila a rubutun farko yana da ita. Ƙila kuma sun ga ba mai saye in ba harbi."
Suna ɗaya, hoto ɗaya. A wurinmu da wannan ta faru, da an kori mai ɗab'i. Na sa ya ba ni labarin na hannun, na rubuta a katin laburare: kadoji, rufi, kan sarki, wani ƙaton kifi a mataki na huɗu.

Lahadi, 17 ga Maris
Na karanta wa Auta katina tiryan-tiryan, har kifin. Sai ta ce, "Giwar fa, ka hau ta?" Ba ta a kati. Na ce sosai ma, mai saurin tsiya.
"Baba, babu giwa."
"Ba sai ka yi mini ƙarya ba. In ba ka so, ka ce ba ka so. Ba ni Mama."
Minti huɗu.

Litinin, 18 ga Maris
Ban kunna ba.

Talata, 19 ga Maris
Maman Auta ta ajiye mini waya kusa da farantin abinci. "Wayar nan tana kira ma, ba amsawa kaɗai ba." Sai na lura ban taɓa kiran yarinyar nan da kaina ba.
Na kira. Na ce nawa ba kada, bindiga gare shi, kuma sati biyu ina nitsewa. Ta ce ƙarya ce ta biyu. Na ɗauki hoton talabijin na tura, rabinsa labule ne. Ta yi dariya har da tari. "Masinjanmu? Da bindiga? Wa yake harbi?" Na ce wallahi tambayar da ke raina ke nan. Ta sa na ba ta labarin kowane lungu. A nata, wai ana isa gidan tsohuwar sai rubutu ya fito, shi ke nan. A fim kuwa ya tarar ta rasu. Na ce ni da ƙyar na isa, yanzu ina bakin ƙofarta, kuma akwai fitila a kunne a ciki.
"Kada ka buɗe, Baba! Sai na zo hutu."
Ban duba minti ba.

Juma'a, 22 ga Maris
Masinja yana nan a bakin ƙofa, ban taɓa ba. Na dai koma wajen kwale-kwale sau biyu, don kada yatsu su manta, ba don komai ba. Yau wata ɗaliba ta nemi wani littafi da na haddace wurinsa. Na miƙa hannu zan zaro, sai na tsaya na ce, "Wane bugu kike so?" Ta ce ai duk ɗaya ne. Na ce mu dai duba.