Zumar da Muka Yi wa Murmushi

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna, da ƙafar nan tata? Ina mutanena, sun bar ki kin huta kuwa?

Kin san amyoyin da muka ajiye a saman benen da nake koyar da zane. Mutanen unguwa suna tsoronsu, ko zumar ba sa taɓawa. Shi ne na ce da ɗalibaina mu yi wa abin kwalliya. Muka zana ƙudan zuma mai manyan idanu yana murmushi, muka cire masa ƙarin da yake harbi da shi don kada ya razana kowa. Muka manna shi a kwalabe, da ƙofar gida, da kowane mataki har sama. Abin ya karɓu, Yaya. Yara har suna suka sa masa, wai Ɗan Fara'a.

Jiya 'yar telan da ke ƙasanmu, wadda ko makaranta ba ta shiga ba, ta bi hotunan nan mataki-mataki ta je gaishe shi. Ta ɗaga murfin amya da hannunta, ƙudan zuma suka rufe ta da harbi. Kukanta na ji daga aji. Kafin mu kai asibiti fuskarta ta kumbura, numfashinta yana fita da ƙyar.

Ki taya mu da addu'a.

Ƙanwarki.

Yayata,

Ina fatan kun tashi lafiya. A gaida Inna, amma kada ki gaya mata tukuna.

Likita ta ce an tsallake. Yarinyar ta buɗe ido ɗaya, har ta sha ruwa. Uwar ta aiko a kira ni, na tafi. Ba ta yi faɗa ba, kujera ma ta jawo mini.

Sai dai garin sauri na zura rigar da muka buga ni da ɗalibaina, mai hoton Ɗan Fara'a a ƙirji. Yarinyar na ganinta ta ƙanƙame uwarta, ta kasa ko kuka.

Na fita baranda, na lulluɓa da mayafi, na juya rigar baibai. Na daɗe tsaye a bakin ƙofa kafin na iya yin sallama.

Taki har kullum,
Malamar zane.